Zauren Baba Malam: Me Mahaifina Ya Sani Wanda Ban Sani Ba?

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Wasiƙu sun taru a wannan wata, na zaɓo huɗu. Daga garuruwa daban-daban suka fito, amma da na jera su a kan tabarma ina karantawa bayan sallar asuba, sai na ji kamar 'yan gida ɗaya ne suka rubuto. Na taƙaita su yadda muka saba, na kuma sakaya sunaye.

TAMBAYA: Baba Malam, barka da war haka. Shekaruna 38, ina aiki a Abuja, ina zaune a Kubwa da matata da 'ya'ya uku. Albashina ba laifi, mutanen garinmu ma gani suke na haye. Amma biyar da rabi na asuba nake fita don gudun cunkoso, ba na dawowa sai bayan isha'i. Kafin 10 ga wata albashi ya ƙare: haya, kuɗin makaranta, man mota, anko, gudummawar biki. Yanzu manhajojin bashi uku ke bi na a waya. Da na je gida Sallah, a wani ƙauye kusa da Funtuwa, na tarar da mahaifina, mai gona ɗaya da tumaki huɗu, a kan dakali da abokansa suna dariya har da hawaye. Na tsaya ina kallonsa, na rasa rabona da irin wannan dariya. Baba, me ya sani wanda ban sani ba? In ajiye aikin in koma gida? — A. M., Kubwa

AMSA: Ɗana, kada ka ajiye aikinka. Na sa wannan a gaba don kada ka karanta rabin amsa ka tashi ka rubuta takardar murabus. Ranar Sallah ka ga mahaifinka. Ba ka gan shi ranar da ya je sayen taki kuɗinsa suka tsaya a rabin buhu ba, ko makon da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, yana duban sama dawa tana murɗewa. Kai ma ka san abin da ƙauyukan yankinku suka gani na rashin tsaro a 'yan shekarun nan. Ni ba na cikin masu yi wa talauci kirari. Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare, na ga yaran da suka yanke jiki suka faɗi a layi da safe don ba su karya ba. Ina kuma zaton kuɗin da kake tura wa tsohon nan suna cikin abin da ya ba shi sararin dariyar da ka gani.

Duk da haka idonka bai yi maka ƙarya ba. Akwai abin da yake riƙe da shi wanda ya kuɓuce maka. Ni ma ya taɓa kuɓuce mini.

A 1976 na fara aiki, shekarar da aka ƙaddamar da shirin UPE na ba kowane yaro ilimin firamare aka watsa mu ƙauyuka. Keke Raleigh ne abin hawana har aka dawo da ni cikin Zariya. A 1985 wani abokin aikina ya yi mota. Ba ni da wata tafiya da keke ya kasa kai ni, amma duk safiya in na jingina kekena kusa da motarsa sai in ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Na ci bashi na sayi Peugeot 504 ta hannu. Shekara na zagayowa gwamnati ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Motar ta riƙa lashe rabin albashina. Na fara canza hanya don kada in bi ta ƙofar mai bi na bashi. Sau biyu na yi wa uwargidana ƙarya a kan kuɗin cefane, har yau in na tuna sai na ji nauyi. A lokacin na fahimci abin da ya sa Annabi (SAW) yake yawan neman tsari daga bashi. Da aka tambaye shi dalili, ya ce mutum in bashi ya hau shi, sai ya yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa.

Amma ba bashin ne ya farkar da ni ba, baffana ne. Tsoho ne mai ɗinkin hannu na manyan riguna, kullum yana ƙofar gida a cikin birni da allura da zare. Wata rana na je gaishe shi, bai ko ɗago kai daga aikinsa ba ya ce, "Ɗan nan, tun da ka yi mota muka daina ganinka. Da kana kan keke kakan sa ƙafa ɗaya a ƙasa mu gaisa, ka ji wanda aka haifa, ka ji wanda ke kwance. Yanzu sai dai mu ji hon, mu ga ƙura." Sannan ya gaya mini wata gwaggona ta yi sati uku a kwance. Gidanta a kan hanyata yake, sau biyu nake wuce shi kullum, ban sani ba.

A 1988 na sayar da motar, na biya bashi, na koma keke. Abin da ya hana ni yin haka tun farko shi ne me mutane za su ce. Sun kuwa ce. Amma maganar ba ta kai wata biyu ba suka samu wata suka kama. Shekara uku na sha wahala don tsoron maganar wata biyu.

To me mahaifinka ya sani? Ya san inda "ya isa" yake. In rumbu ya cika zuwa wani wuri, ya san gidan zai ga wata kakar, sai ya kwantar da hankalinsa. Kai ba ka taɓa zama ka shata wa kanka wannan iyaka ba, shi ya sa duk ƙarin albashin da aka yi maka buƙata ke riga shi isowa gida. Sannan yana da yamma. Tsakanin la'asar da magariba lokacinsa ne, kuma cikin mutane yake yin sa. A dakalin nan ake jin yadda wane ya sasanta da surukinsa, yadda wane ya yi gaggawar sayar da hatsi ya yi da-na-sani, yadda ake yi wa mai fushi magana. Mutum ya shekara arba'in yana sauraron irin wannan, ai dole ya yi hankali. Kai kuwa ka sayar da safiyarka da yammarka, kana karɓar kuɗin kana miƙa wa masu manhaja.

In hanya ta kai ka Kano, ka shiga Gwammaja ka ga gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna har ya rasu a Afrilun 1983. Mutumin da ya yi kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979. Ka dubi ɗakinsa. Ba rashin hanyar tara dukiya ne ya zaunar da shi a nan ba. Buƙatunsa ya rage, har ya zamana babu mai abin da zai saye shi da shi.

Ga abin da nake so ka yi a daren da ka karanta wannan. Ka ɗauki takarda ka rubuta duk mai bin ka, da nawa, da ruwan da ke hawa kai. Bashin manhaja za ka fara kashewa, ko da sai ka sayar da wani abu a ɗaki, don kuɗin ruwa ne, kuma ka san yadda suke tona asirin mutum ga lambobin da ke wayarsa. Sannan ka kira matarka, ka ajiye mata takardar nan tare da ta albashinka. Maza da yawa suna ɓoye wa matansu abin da suke samu, su dawo suna kuka wai an cika musu buƙata. Matar da ta ga lissafi da idonta, sau da yawa ita ke fara cewa a bar ankon nan, za ta je bikin da atamfar da take da ita. Batun mota kuma, tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, daga baya ta wuce 1,000. Babu dalilin da zai sa maza huɗu a layi ɗaya su fita da mota huɗu zuwa wuri ɗaya. Ku haɗu a guda, ku yi karo-karo. Kuɗin mai zai ragu, cunkoson da kake gudu kuma ya zama muku ɗan dakali.

Ranar Lahadi bayan la'asar ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ka buga wa mahaifinka waya, ba don ka ce "na turo" ba. Ka tambaye shi abin da ya ba su dariya ran nan.

TAMBAYA: Baba, ina wuni? 'Ya'yana uku ne, mai shekara 9, mai 7 da mai 3. Manyan biyu suna tafiya boko bakwai da rabi, a tashi ƙarfe biyu, su zauna lesin har huɗu, daga nan Islamiyya zuwa shida, da dare aikin gida. Asabar da Lahadi hadda. Surukata, wadda muke zaune tare, kullum faɗanta ɗaya: na hana yara wasa. Ni kuwa gani nake zamanin wasan ƙasa ya wuce, kuma ina tsoron waje. In sun dame ni sai in ba su waya. Kwanan nan babban ya fara kukan ciwon kai duk safiya, an duba a asibiti ba a ga komai ba. Baba, wa ke da gaskiya, ni ko Hajiya? — Maman yara uku, Hotoro, Kano

AMSA: 'Yata, Hajiya ce ke da gaskiya, amma tsoronki ma ba na banza ba ne, zan zo kansa. Mu fara da lissafi. Ɗan shekara 9 ya fita bakwai da rabi, ba ya samun kansa sai shida. Awa goma da rabi ke nan ana ce masa zauna, yi shiru. Babban ma'aikaci awa takwas aka yanka masa. In ciwon kan ya ci gaba ki mayar da shi asibiti. Amma na sha ganin irin wannan ciwon kai, mai zuwa da safe ranar makaranta ya ɓace ranar hutu.

Lokacin da nake hedimasta, in an tashi tara tagar ofis nake tsayawa ina kallon fili, don a nan nake sanin ɗalibaina. A aji kowa ya naɗe hannu, ba ka gane halin kowa. A fili kuwa, cikin minti goma za ka san mai haƙuri, da mai cin zali, da wanda ake jin maganarsa, da wanda aka ware ba mai wasa da shi, wanda shi ya fi buƙatar a binciki gidansu. Akwai yaron da malamai suka haɗu a kan daƙiƙi ne. Ranar da na ga yana raba 'yan langa gida biyu, yana zaɓar wanda zai zama ruwa, wato wanda ake karewa har ya kai wurin sha, yana tsara wa zai tare dama wa zai tare hagu, yara ashirin suna bin sa ba gardama, na san ba kansa ne ba ya ja ba, koyarwarmu ce ba ta isa gare shi ba. Na ba shi monita. Kafin ƙarshen shekara ya fara karatu. Akwai kuma yarinyar da ɗebewa ta gagare ta a allo, amma a carafke ba ta ɓata ƙirga: ta wurga ɗaya sama, ta kwashe biyu, ta kwashe uku, ta san saura nawa a ƙasa ba sai ta duba ba. Na sa malaminta ya kawo tsakuwa aji. Sati biyu ta kama.

Ki dubi langa kawai. Yaro ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗaya, a ture shi ya faɗi a gaban kowa, ya tashi ya kakkaɓe ya jira wani zagaye. Wanda ya fi kowa ƙarfi ba lallai shi ke sha ba, aikinsa ya kare ruwa har ya kai. Babu babba a wurin. Su ke kafa doka, su ke gardama a kan wa ya saki ƙafa, su ke sasantawa, don in ba su sasanta ba wasa ya watse kowa ya yi asara. Wane lesin ne zai koya wa yaro wannan? Nakan ga manya masu digiri waɗanda ba su iya faɗuwa ba, ba su iya jure a ce musu ba su da gaskiya ba, in ce a raina wannan bai yi langa ba. 'Yan mata kuma a gaɗa da wasan 'yar tsana suke gwada zaman gida, biki da suna da sulhu, tun kafin abin ya same su.

Kada ki ɗauka addini ne ya ce a ƙuntata musu. Malaman allo na da, da duk tsananinsu, sun bar wa almajirai Alhamis da Juma'a. Annabi (SAW) ya taɓa tsawaita sujada har sahabbai suka yi zaton wani abu ya faru, ashe jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya gaggauta sauke shi ba.

Shawarata ki cire lesin. Boko da Islamiyya su tsaya yadda suke, amma awa biyun nan su dawo gida su ci abinci, su kwanta ko su yi wasa. In makarantar ta ce lesin dole ne, ki je da mahaifinsu ku yi magana da hukumarta. Hadda kuma a bar musu yammaci ɗaya, na Asabar ko na Lahadi.

Tsoron waje gaskiya ne. Kano ta ga satar yara, ba mai cewa ki sake su a titi yadda aka sake mu a dandali da farin wata. Amma tsakanin titi da waya akwai tsakar gida. Ki yi magana da maƙwabta biyu ko uku da kika yarda da tarbiyyarsu, yau yara a gidanki, gobe a gidan wance, babba ɗaya na zaune yana gani. Ki sa a juye miki baro ɗaya na yashi a lungu, ki ware musu tsofaffin kaya don kada wanki ya sa ki hana. In sun yi gardama kada ki yi saurin shiga, sai in an kai ga duka ko zagi.

Waya kuwa, ƙaramin nan nake ji. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin, in an rage ma ya fi. Waya tana sa yaro shiru, shi ya sa muke son ta, amma ba ta jin haushinsa balle ya koyi ba da haƙuri.

Sannan, 'yata, kina da abin da gidaje da yawa suka rasa: kaka a cikin gida. Bayan isha'i ki tura mata su. Ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", su ce "ta zo mu ji ta". Ta ba su Gizo da Ƙoƙi, ta tambaye su shanunta dubu maɗaurinsu ɗaya, su yi ta lalube har su ba ta gari kafin ta ce tsintsiya. Ke ma ki ajiye abin da kike yi ki zauna. Ina tsammanin rabin saɓaninki da Hajiya a kan tabarmar nan zai ƙare, don tsohuwar da ke faɗan an hana yara wasa, sau da yawa cewa take an hana ta jikokinta.

TAMBAYA: Baba Malam, ina gaisuwa. Ɗalibi ne ni a jami'a a Yamai. Ina da taubashiya da ba ta raga mini ko a gaban abokaina: ta kira ni bawanta, ta ce kaina kamar tulu, kuma duk watan cika-ciki sai ta biyo ni kuɗin shara. Abin ya fara ba ni kunya, gani nake ƙauyanci ne. In ce ta daina? — Ɗan Maraɗi

AMSA: Ɗana, ka ba ta kuɗin shararta, ka kuma rama. Abin da kake jin kunyarsa, wato wasan taubasai, a 2014 hukumar UNESCO mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma da sunan ƙasarku Nijar aka rubuta shi. Ko ba su rubuta ba, kakanninmu sun san abin da suka dasa. Sun duba inda faɗa ya fi saurin tashi, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, tsakanin gari da gari, sai suka sa wasa a daidai wurin. Mu Zazzagawa da Kanawa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. Na ga rigima a tasha har an fara naɗe hannun riga, da aka gane ɗaya Bafulatani ne ɗaya Babarbare sai ta koma dariya, kowa na cewa shi ne ubangida.

Babban amfaninsa sai ka yi aure za ka gani. An taɓa kira na sasanta wani magidanci da matarsa ta yi yaji. Mu manya muka yi ta kewaye-kewaye don kada mu kunyata shi, alhali kowa ya san shi ne ba shi da gaskiya. Taubashinsa ya shigo, ya dube shi ya ce, "Kai dai tun muna yara ba ka cin tuwo sai ka fasa akushi. Tashi ka je ka ba ta haƙuri." Ya yi dariya, ya tashi ya tafi biko. Da ni na faɗi haka, da mun shekara ba mu gaisa ba. Wanda ba shi da mai gaya masa gaskiya cikin dariya ya yi babban rashi.

Iyaka dai akwai ta. Ba a taɓa iyaye, ba a taɓa addini, ba a yi wa mutum wasa da nakasa ko da abin da ka san yana ci masa rai a ɓoye. Tun da kun girma kuma, wasan ya tsaya a baki. In ta taɓa wuce nan, ka same ta a gefe ka gaya mata. Abin da ka rubuto mini bai kai nan ba.

TAMBAYA: Malam, na yi ritaya bara a matakin darakta. Na gina gida a bayan gari, doguwar katanga, get na ƙarfe. Da wayata ba ta hutawa, yanzu sai ta wuni ba ta yi ƙara ba. Yara sun watse, daga ni sai Hajiya sai talabijin. Ba abin da na rasa, amma gidan ya yi mini faɗi. Kai yaya ka yi da taka ritayar? — Alhaji S., Bauchi

AMSA: Alhaji ƙanena, ni dara ce ta rufa mini asiri. Na ajiye aiki a 2011. Wata ukun farko yadda kake yi na yi su, har uwargida ta ce in fita ko ƙofar gida ce. A bakin layinmu akwai dalbejiya, a ƙarƙashinta 'yan dara ke zama shekara da shekaru. Kullum da sallama daga nesa nake wuce su, a raina ina ganin bai dace hedimasta ya tsuguna a ƙasa ba. Ranar da na tsuguna, ba wanda ya miƙe ya ba ni wuri, aka dai matsa kaɗan. Wannan matsawar ta fi mini duk tashi tsayen da aka yi mini a ofis.

In ka manta yadda take: gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, layi biyar shida-shida. Kowa na da 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan tsakuwa. Da farko ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku a lokacin dashe ba. In an gama sai a fara turawa gurbi ɗai-ɗai, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Shekarata ta farko ci kawai ake yi mini, har wani mai gyaran keke, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya ce, "Malam, kai naka ukun kawai kake kallo. Ka riƙa kallon abin da nake shirya maka." Ya kuma nuna mini tun a wurin dashe ake cin dara. Na koma gida ina juya maganar nan, na ga ta shafi aurar da 'ya'ya, ta shafi rabon gado, ta shafi hukunce-hukunce da yawa da na yanke a ofis ina kallon nawa ukun kaɗai.

A wurin akwai tsohon soja, akwai mahauci, akwai wanda ya yi alƙalanci. Ba a sa ko kwabo, don in kuɗi ya shiga ta zama caca, kuma ladani na ɗaga murya ake share gurbi ko wa ke kan ci. Inda babu waɗannan sharuɗɗa biyu kada ka zauna. Bara mahaucin nan ya yi kwana biyu bai fito ba. Ba mu jira na uku ba muka je, muka tarar da shi a kwance, 'ya'yansa duk suna nesa. Mu muka kai shi asibiti. Yanzu ya warke, ya dawo gurbinsa.

Masu bugo maka waya kujerar suke nema, Alhaji, sun kuwa bi wanda ya hau ta. Kada ka riƙe kowa a zuci. Ka buɗe get ɗin nan. Salla biyar ka taka zuwa masallacin unguwa, in an sallame kada ka riga kowa fita. Bayan la'asar ka nemi inda dattawan unguwar ke zama, ka yi sallama, ka zauna inda ka samu, ka yi sati guda kana saurare kafin ka fara ba da labarin ofis. Duk Juma'a ka ɗauki Hajiya ku je gida ɗaya na dangi, ka fara da waɗanda rabonka da su tun kafin ka zama darakta, ai zumunta a ƙafa take. In kuma hanya ta kawo ka Zariya, ka sa edita ya haɗa mu. Muna zama daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, sai ka faɗa mini tun yanzu, tsinke za ka riƙe ko tsakuwa.